Yini Guda A Bakin Ruwa Da Yara: Darasi Daga Karibiyan Zuwa Jikwoyi

Garin Jikwoyi ba shi da teku, ba shi kuma da wani babban kogi da za a yi zancensa. Wanda ya tashi daga can yana son ganin teku sai ya yi tafiyar sama da kilomita 700 kafin ya isa Ikko. Duk da haka, da zarar an sauko daga Idi, ko kuwa makarantu sun ba da hutu, babu abin da yaran garin suke damun iyayensu da shi kamar a kai su su ga ruwa, su shiga kwale-kwale, a ɗauke su hoto. Magidanci ya yi ta kauce-kauce har dai ya rasa mafita, ya sa rana. To, a nan ne magana take, domin fita da yara bakin ruwa abu ne mai daɗi ƙwarai, amma yini guda ɗin nan yana iya cinye albashin mako biyu, yana kuma iya jawo baƙin cikin da ba a mantawa har abada.

Jikwoyi tana cikin Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye ta Abuja, a kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Karu, ta wuce Kurudu da Orozo, ta ɓulle Karshi. Asalinta ƙauye ne na Gbagyi, waɗanda Hausawa suke kira Gwarawa. Ran 3 ga watan Fabrairu na 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiro sabon Babban Birnin Tarayya, ran 12 ga Disamba na 1991 kuma Gwamnati ta taso ɗungum daga Ikko. Tun daga lokacin, tsadar haya a tsakiyar birni ta riƙa koro ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu zuwa garuruwan gefe, har gonaki suka zama gidaje, gidaje suka haɗe da juna. Hausawa da yawa suna cikin waɗanda suka zauna, daga mahauta da masu shayi har zuwa ma'aikatan ofis. An yi gine-gine, amma ba a bar wa yara filin wasa na kirki ba. Shi ya sa in ana son shaƙatawa sai an shiga mota an nufi cikin gari.

YADDA AKE YI A KARIBIYAN

Kafin a shiga zancen wuraren da ke kusa, ya kamata mai karatu ya ji yadda waɗansu mutane a can nesa suka mayar da irin wannan fita ta zama ilmi mai ƙa'ida. A tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu akwai wani teku da ake kira Karibiyan, mai ɗauke da tsibirai masu yawa, irin su Jamaika da Kuba da Barbados. Yawancin mutanen Jamaika da Barbados jikokin 'yan Afirka ne da aka kwashe a zamanin cinikin bayi. A yau babbar sana'ar tsibirai da yawa a yankin ita ce karɓar baƙi masu yawon buɗe ido.

Daga tashar Mayami ta Jihar Fulorida manyan jiragen ruwa suke tashi, su yi kwana uku ko bakwai suna zagaya tsibiran. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Icon of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana kuma iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata. Watau gari ne sukutum yake tafiya a kan ruwa. Jirgi yakan tsaya da safe a tasha irin ta Nasau a Bahamas, ko Kozumel a Meziko, ko Falmus a Jamaika. Fasinjoji su sauka, masu yara su nufi bakin teku, su yini suna wasa da rairayi. Da yamma kuwa jirgi ya busa ƙaho ya tashi.

Abin lura shi ne, jirgin ba ya jiran wanda ya fita yawon gaban kansa ya makara. Kafin kowa ya sauka an rubuta lokacin da za a rufe ƙofa, galibi rabin sa'a kafin tashi. Wanda ya wuce lokacin sai ya tarar da jirgi ya yi nisa, ga shi a baƙuwar ƙasa da yara, kayansa suna cikin jirgi, tilas ya nemi hanyar bin sa zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Saboda tsoron haka, iyayen da suka goge da wannan tafiya ba sa fara lissafi daga lokacin fita. Daga lokacin komowa suke farawa, su yo baya. Sukan zaɓi bakin ruwa mafi kusa da tasha ko da akwai wanda ya fi shi kyau a can gaba, su tambayi ko akwai inuwa da makewayi da ma'aikacin ceto, sa'an nan su tattara yara tun da sauran sa'a biyu. Wannan dabara ba ta bukatar dala ko fasfo, kowane magidanci a Jikwoyi yana iya aron ta.

JIRGIN MUTANEN JIKWOYI

Mutumin Jikwoyi ma yana da nasa jirgin da ba ya jira, shi ne hanyar Nyanya. Duk wanda ya san Abuja ya san yadda babban titin da ya taso daga shataletalen AYA a Asokoro, ya gangara ta Kugbo zuwa Nyanya da Mararaba, yake cushewa da yamma sa'ad da jama'a suke komawa gida. Ranar Salla ma'aikata ba su fita ba, amma masu yawon Salla sun maye gurbinsu, kowa kuma yana son komawa lokaci guda, bayan magariba.

Mai iyalin da ba shi da motar kansa sai ya canja abin hawa sau biyu ko uku. Daga Jikwoyi ya hau keke mai ƙafa uku zuwa Nyanya, daga nan ya shiga tasi ko bas zuwa cikin gari, domin tun 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, da dare kuwa direbobi sukan ƙara na su a kai. Ga kuma ɓarayin nan da ake kira 'yan wan-cans, masu shiga mota kamar fasinjoji su yi wa mutane fashi, waɗanda duhu ne kasuwarsu. Mutum yana tsaye bakin titi ƙarfe 8 na dare, da goyo da yara huɗu masu gyangyaɗi, duk motar da ta tsaya shiga zai yi ba tare da ya duba ba.

Saboda haka lissafin ya zama kamar na masu jirgi. In ana son sallar magariba ta riski iyali a gida, sai a bar bakin ruwa da an yi la'asar. In kuwa za a bar wurin da la'asar, lalle a fita tun da hantsi. Kuɗin komowa a ware shi daban tun daga gida, a sa shi a wani aljihu, kada mai alewa da mai hoto su gan shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

INA RUWAN YAKE?

Wurin da ya fi kama da bakin teku a Abuja shi ne Tafkin Jabi. Tafki ne da aka yi ta hanyar datse ruwa domin shayar da sabon birnin a farkon gininsa, kafin babbar madatsar Usuma ta karɓi aikin. Daga baya gaɓarsa ta zama wurin shan iska da motsa jiki da hawan doki da yawo a kwale-kwale, a 2015 kuma aka buɗe katafaren kantin zamani a bakinsa. Ruwa ne kwantacce mai zurfi, na kallo ne da shiga jirgi. Yaro ba shi da abin yi a cikinsa.

Masu ƙananan yara sosai sukan fi samun kwanciyar rai a lambun Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe ran 4 ga Disamba na 2003, lokacin taron ƙasashe rainon Ingila. Akwai ciyawa da itatuwa da ɗan rafi da ya ratsa shi. Har wa yau akwai gidan namun daji da wasan yara na ƙasa a Asokoro, gindin dutsen Aso, wanda ya fi kusa da mai fitowa daga Nyanya.

Madatsar ruwa ta Usuma tana kusa da Ushafa a Ƙaramar Hukumar Bwari, ƙauyen nan na maginan tukwane da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agusta na 2000. Wuri ne mai ban sha'awa, duwatsu sun kewaye ruwa, amma daga nan ne Abuja take shan ruwa, yana hannun Hukumar Ruwa, ba a yi shi domin wanka ba. A farkon 2024 yankin Bwari ya yi fama da masu satar mutane, don haka mai niyyar zuwa can da iyali sai ya fara tambayar halin da hanya take ciki.

Can gaba kuma akwai magangarar ruwa ta Gurara a Jihar Neja. Ana bin hanyar Kaduna, a wuce Zuba da dutsen Zuma da Suleja, a karya a mahaɗar Dikko a ɗauki hanyar Minna. Ruwan yana zubowa daga tudun da ya kai kimanin mita 30. Da damina, tun ba a watan Agusta da Satumba ba, ƙarfinsa yana da ban tsoro, duwatsu suna da santsi, babba ma ba ya kusantarsa balle yaro. Da rani ne yake lafawa. Tafiyar Gurara daga Jikwoyi ta yini ce cur, sai da mota mai lafiya da sammako.

Akwai kuma wurin da ya kamata a ja kunnen samari a kansa, watau tsohon ramin fasa dutse na Mpape, wanda ruwa ya cika, ya kuma yi suna a 2020 sa'ad da hotunansa suka bazu a intanet. Ramin dutse ba shi da gaɓa mai gangara a hankali irin ta kogi. Taku ɗaya mutum yana kan dutse, taku na biyu yana cikin zurfin da ya shanye shi. Irin waɗannan ramuka, da kududdufan da magina suke bari, da kwalbatocin da suke tumbatsa da damina a cikin unguwanni, sun fi kowane tafki haɗari, domin suna kusa da gida, yara suna zuwa ba da sanin kowa ba.

KWALE-KWALE DA RIGAR RUWA

Babu yaron da zai ga kwale-kwale bai ce a sa shi ba. Kafin uba ya amsa, ya tuna da Bagwai. Ran 30 ga Nuwamba na 2021 wani kwale-kwale ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetare madatsar Watari a Jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ya kife, aka rasa aƙalla mutum 29, galibinsu yara. Lodi ne ya yi masa yawa. A watan Yuni na 2023 kuma sama da mutum 100 suka rasu a kogin Kwara wajen Patigi, suna komowa daga biki da dare. Kusan duk irin wannan hatsari in aka bincika sai a tarar da abu uku: an cika jirgi fiye da kima, an yi tafiya cikin duhu, ba a sa rigar ruwa ba.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, mai hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare a ruwa, ta kuma wajabta wa kowane fasinja sa rigar nan mai hana nutsewa. Amma rigar babba ba ta amfanin yaro. In ta yi masa yawa, da ya faɗa ruwa sai ta zame ta kansa, ita ta taso shi ya nutse. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce. A ɗaure masa ita, a kama ta daga kafaɗu a ɗaga sama. In ta haura har kunnuwansa, ba tasa ba ce. Mai jirgin da ba shi da rigar da ta dace da yaro, ko wanda yake ta ƙara mutane bayan kujeru sun cika, a bar masa jirginsa. Kukan yaro na minti goma a kan tudu ba ya kashe kowa. In an shiga kuwa, kowa ya zauna, kada a taru gefe guda domin ɗaukar hoto.

RUWA BA YA SALLAMA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na watan Disamba na 2024 cewa mutum kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a duniya cikin shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan masu mutuwa in aka gwada da yawan jama'a. Girman al'amarin ne ya sa a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga Yuli na kowace shekara domin faɗakarwa a kansa.

Jama'a da yawa suna zaton mai nutsewa yakan yi ihu yana daga hannu. Ba haka abin yake ba. Bakinsa yana nitsewa yana tasowa, ɗan numfashin da ya samu bai isa kira ba, hannuwansa kuma suna fafutukar danna ruwa. Ƙaramin yaro yana iya ɓacewa cikin ƙasa da minti guda, mutane suna zaune kusa da shi suna hira. Jariri mai rarrafe kuwa ruwan bokiti ma ya ishe shi.

Abin mamaki, yawan manya a wuri ba ya tsare yaro. Maigida yana zaton uwargida tana kallo, uwargida tana zaton goggo ce ke riƙe da shi, goggo kuwa ta ba yayarsa 'yar shekara tara. Maganin wannan shi ne a ambaci sunan mai tsaro a fili. Maigida ya ce, Hajiya, ke ce da su har azahar, daga nan ni zan karɓa. Wanda yake kan aiki ya ajiye waya, ya daina hira, ƙaramin yaro kuma kada ya wuce inda hannu zai kai gare shi. Lokacin salla a yi ta bi da bi. Yarinya ba ta rainon yaro a bakin ruwa, domin ita ma abin raino ce. Yana da kyau a sa wa yara tufafi masu launi mai haske da za a hango daga nesa, a rubuta lambar wayar uba a takarda a sa a aljihun kowannensu, a kuma nuna masu wuri guda da za su tsaya in sun ɓace cikin taro.

TSARGIYA DA RANA DA GUZURI

Ba nutsewa kaɗai ce illar ruwa ba. Kwantaccen ruwa irin na tafki da madatsa shi ne gidan tsargiya, cutar nan mai sa yaro fitsarin jini. Ƙwayoyinta suna girma a jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi, su fito cikin ruwa, su huda fatar wanda ya shiga, ko da ƙafa kawai ya tsoma. Ba a jin shigarsu, alamar kuwa sai bayan makonni. A da waɗansu suna ɗaukar fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji. Ciwo ne, in an bar shi yana lalata mafitsara da ƙoda, yana kuma da magani a asibiti, wanda ake kira praziquantel.

Zafin Abuja a watannin Fabrairu da Maris da Afrilu ba abin wasa ba ne, yaro kuwa in wasa ya yi daɗi ba ya tuna ƙishirwa. A tafi da ruwan sha wadatacce, da hula, da tabarma, a nemi gindin itace tun da wuri kafin a cinye inuwa. Da damina in hadari ya haɗo a fita daga jirgi, a nisanci ruwa da dogayen itatuwa saboda tsawa. Abinci kuma gara na gida. Dambun nama da cincin da soyayyen naman Salla da kunun aya a cikin kula sun fi arha, sun kuma fi aminci bisa ga abin da ya yini a rana a kan tire. Sai a tambaya tun daga ƙofa ko wurin yana barin a shiga da abinci, da kuma nawa ne kuɗin shiga da na jirgi, a yi ciniki kafin yaro ya hau doki, kada sai ya sauko.

IN ƘADDARA TA AUKU

Wanda bai iya iyo ba kada ya faɗa ruwa domin ceto, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. Ya yi kururuwa, ya miƙa sanda ko rawani ko igiya, ko ya jefa jarka marar komai a rufe, domin tana iya riƙe mutum a saman ruwa. In an fito da yaro ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙasa ko matsa masa ciki wai a fitar da ruwa. Iska yake bukata. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa kaɗan, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki har ƙirjinsa ya taso, sa'an nan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2, ba fasawa, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112. Ko da yaron ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan sa'o'i. Mai zuwa Jabi ya san akwai Asibitin Tarayya a unguwar, a hanyar komowa kuma akwai na Asokoro da na Nyanya.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar ruwa ba ce. Duk wanda ya ga masunta suna rige-rigen faɗawa kogin Matan Fada a bikin Argungu ya san akwai gwanaye, amma su tun suna yara iyayensu suka koya masu, a ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa. Yaron da ya tashi a Jikwoyi tsakanin bulo da kwalta ba shi da wannan gata. Ya kamata hukumomin Babban Birnin Tarayya da na ƙaramar hukuma su keɓe wa garuruwan hanyar Karshi filayen wasa, su cike ramukan da aka bari buɗe, su sa ma'aikatan ceto a duk inda ake karɓar kuɗin jama'a a bakin ruwa, makarantun da suke da hali kuma su sa koyon iyo cikin darussansu, na maza daban na mata daban. Kafin a kai ga haka, nauyin yana wuyan iyaye: a fita da wuri, a ƙidaya yara a kowace tasha, a komo da sauran rana. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare zuriya, Ya sa a yi hutu lafiya, amin.